Bakin Lauje da Ƙanensa

Da hantsi na iske Luba ɗiyar Jabbi
tsugune a gaɓar Tafkin Kware,
madubin hange a ido, biro a haƙori,
tana ƙirga abin da ba ya tsayawa.

Ni koma na zo dubawa.
Ta ɗaga hannu: Kawu, kada ka motsa.
Na tsaya da ƙafa guda cikin laka
kamar zalɓe mai jiran karfasa.

Ga shi can, bayan albasar Modi,
inda ruwa ya ja ya bar taɓo:
dogo, kalar kara busasshe,
bakinsa a tanƙware kamar lauje,
yana soka shi har gindi,
yana zaro tana ba gaggawa.

Na san shi, na ce.
Baƙo ne, ba kowace shekara ba.
Ba mu raɗa masa suna a zaure ba,
Bakin Lauje muke cewa, ya kuwa amsa.
In ya tashi yakan yi kuka guda
mai hawa sama kamar tambaya.

Ta buɗe littafi a kan gwiwa.
Tsuntsu biyu, shafi ɗaya.
Wannan naka ne, ta ce, babban.
Wancan na gefe ɗan ɗakinsu ne.

Na kai ido kusa, don ido ya tsufa.
Kama dai kamar an tsaga kara,
sai dai ƙaramin ya fi haske a ƙirji,
bakinsa siriri kamar basilla,
ga ɗige-ɗige baƙaƙe a haƙarƙari
kamar an yayyafa tawada.

Shi ina yake sauka? na ce.

Ta yi shiru har kwaɗo ya gama magana.

Ba ya sauka, Kawu.
Ganin ƙarshe da aka tabbatar,
a bakin wani tafki ne can Maroko,
tun ba a haife ni ba.
An bi fadamun da yake kwana, an tsotse su.
An bi hanyarsa da bindiga.
Masu nema sun nema har suka yi furfura,
sannan suka ja layi a ƙarƙashin sunansa.

To, babban fa?

Shi yana nan, amma yana raguwa.
Can arewa inda yake ƙwai a ƙasa
injin yankan ciyawa ba ya tambaya,
dila ma ba ya tambaya.
A takarda an sa shi kusa da haɗari:
bai faɗa rijiya ba,
ƙafarsa dai na kan baki.

Na tuna rajiya da muke kamawa
zamanin da Rima ke cika har ta yi fushi,
kifi ɗaya sai mutum biyu.
Ba ranar da aka ce ya ƙare.
Kowa dai ya riƙa cewa bana ba sa'a,
baɗi ma aka ce bana ba sa'a.

Ashe abu ba ya sallama in zai ɓace.
Gangar mutuwa ta mutane ce.

Can sai ga ɗan Modi da danƙo a wuya,
aljihu cike da tsakuwa,
yana sanɗa ta cikin kunya.
Ban san sanda na daka tsawa ba.
Yaro ya firgita, tsuntsu ya firgita,
ya ɗaga, ya yi kukan nan nasa,
ya miƙe yamma, wajen Wamakko.

Luba ta harare ni: Ka kore min shi.
Na ce gara kora da fiɗa.

Ta lashi biro ta rubuta: ɗaya.
Na leƙa.
A layin ƙasa, na mai bakin basilla,
ba ta sa sifili ba.
Ta bar wurin fari.

Na koma ga komata.
Tarwaɗa uku, da tsohon takalmi.